Tawada a Yatsan Baba

Ranar Talata ce, farkon bazara, shekarar da nake ajin ƙarshe a lakwal, makarantar bokon ƙauyenmu, can arewa da Takanamat. An tashe mu da sha biyun rana kamar kullum, sai ƙarfe uku mu koma. Na iso gida na tarar Inna ta tafi sussuka gidan maƙwabta, ƙannena suna ƙarƙashin rumbu suna gina ɗakunan ƙasa, awakin da ba su bi makiyayi ba sun lafe jikin katanga suna haki. Baba yana kwance a rumfar kara da ke ƙofar ɗakinsa, a kan tabarmar kaba, ya rufe fuska da gefen rawani saboda ƙuda, gurguwar ƙafarsa a miƙe, hannunsa na dama ya zubo ƙasa, tafin yana kallon sama. Na tsaya na ƙirga numfashinsa har ashirin. Sannan na ciro bik ɗina, wato birona, na zare bututun tawadar da haƙori, na hura shi a kan wani tsingaro har shuɗin ya taru. Na durƙusa, na shafa wa babban yatsansa da tsinke a hankali, na buɗe kaye, littafin rubutuna, a shafin da na yi lissafi, na kai takardar ga yatsan, don ban isa in ɗaga hannun ba. Na danna. Baba ya yi gurnani, ya haɗiye yawu, ya ci gaba da barcinsa. Shekarata goma sha uku. A lokacin na ɗauka na ceci kaina ne. Ashe karatuna na kashe da hannuna, kuma yau shekara talatin da wani abu ke nan ban daina jin ɗumin yatsan nan ta bayan takarda ba.

Sai na koma baya kafin a gane abin da ke kai ɗa ga satar yatsan ubansa.

Dabuwar muke ce masa. Haka muka ji daga bakin mushe, malamin lakwal ke nan, haka muka riƙe. Na ji ƴan kasuwar da ke zuwa daga Najeriya suna cewa aikin gida, wasu su ce jinga, amma mu dabuwar ne: lissafi uku ko huɗu da mushe zai rubuta a allo dab da tashi, ka kwafe a kaye, ka tafi da su gida, ka dawo da amsa. Wani mushen da ya riƙe mu a aji uku ya taɓa gaya mana cewa ma'anar kalmar a Faransanci ita ce abin da ya wajaba a kanka. Na riƙe wannan. Amma in yau aka tambaye ni ma'anarta, ba haka zan ce ba. Zan ce aiki ne da ake ba yaro don a auna gidan da ya fito. Yaron da ubansa ke da tebur da kujera da ido mai karatu, shi aka ba aiki. Yaro irina, an aike shi ne ya je ya tono asirin gidansu ya kawo aji.

Kuma kada wani ya ɗauka ni daƙiƙi ne. Wannan shi ne abin da ya fi ci min rai. Da daƙiƙi ne da na huta. Ban taɓa zuwa aji da dabuwar ɗin da ban yi ba, ko sau ɗaya, alhali gidanmu ba gidan zama ba ne. Da asuba in kai awaki wurin makiyayi, in share turke, in sha farau-farau in ruga lakwal. Da yamma, da an tashe mu, sai rijiya. Rijiyarmu ta fi gaba arba'in zurfi, mutum ba ya jan ta da hannu. Ana ɗaura igiya ga jaki, yaro ya kora shi ya yi nisa da bakin rijiya har wasaki, wato babban gugan fata, ya fito, a juye a kwami, yaro ya juyo da jaki, a sake zurawa. Ni ne yaron. Je ka dawo, je ka dawo, har rana ta faɗi. A kan hanyar jakin nan nake yin lissafina. In haddace tambayar tun a aji, in riƙa juya ta a ka ina tafe, in na kai inda jaki ke juyawa in rubuta abin da na samu da yatsan ƙafa a cikin rairayi, in na sake dawowa in ɗora a kai, in dai kofato bai taka ba. Da safe kafin in fita in kife turmi in kwafe amsar a kaye. Sauran yara suna langa a dandali, suna kamun fara, suna jifan aduwa, ni ina bayan jaki ina lissafa minti nawa pampo zai yi kafin ya cika baho. Ban taɓa ganin pampo ba. Ban san mene ne baho ba. Amma amsata daidai take fita.

A ajin ƙarshe aka kawo mana sabon mushe, Mushe Sani, saurayi daga wajen Maraɗi, mai guga a wando, mai agogo. Ba zan ce mugu ba ne, ko da yake na yi shekaru ina cewa haka. Ya zo ya tarar yara suna tsugunawa bayan aji da safe suna kwafar amsa, kuma yawanci nawa suke kwafa. Sai ya kafa doka: kowane dabuwar sai uba ya sa hannu a ƙasansa, shaidar cewa a gida aka yi, kuma an gani. Wanda ubansa bai iya rubutu ba, ya dangwala yatsa. Wanda ya zo ba hannun uba, zero, ko da amsar daga sama ta sauko. Ya ce haka ake yi a birni, kuma ta haka iyaye za su san ƴaƴansu ba wasa suke zuwa yi ba.

Ga yawancin yara dokar ba ta zama komai ba. Rabin mazan garinmu da an gama girbi suke tafiya biɗa, Abijan ko wani wuri, sai damina ta dawo da su, don haka mushe ya yarda uwa ko kawu su dangwala. Abokina Aggali, ɗan Buzayen da ke zaune bayan rijiya, ubansa ya riƙa zana masa alamar da suke yi wa raƙumansu, mushe ya duba ya yi dariya ya karɓa. Wasu suka gwada nasu yatsan, sai mushe ya kama hannun yaro ya ɗora a kan shaidar, in ta yi daidai da yatsan a ci bulala. Wani ya gwada babban yatsan ƙafarsa, mushe ya ɗaga kayen ya ce a gaida masa uban da ke da hannu irin na raƙumi, aka yi ta dariya har kwana uku. Ni ban da inda zan ɓuya. Ubana yana gari, kowa yana ganinsa. Tun yana saurayi ya faɗa rijiya ƙafarsa ta lalace, ba ya tafiya biɗa. Kullum yana gindin bagaruwar da ke gefen masallaci yana tufkar igiyar kaba, yana ɗinkin wasaki, kuma hanyar mushe ta zuwa lakwal ta gabansa take bi. Yatsansa ma ba mai ɓoyuwa ba ne: faffaɗa, mai kanta, da tabon wuƙa da ya raba shi biyu.

Ranar farko da na kai masa kaye da bik, bai karɓa ba. Ya ja hannunsa ya sa cikin riga kamar na miƙo masa garwashi. Ni ɗan fari ne, ba ya kiran sunana, ba ya doguwar magana da ni. Abin da ya ce kawai: "Kai, ɗauke abin ga daga gabana." Inna ce ta ba ni labarin a madafa, tana tuƙa tuwo ba ta kalle ni ba. Kakana yana da gona a fadama, irin wadda ko shekarar da ruwa ya yi gardama sai ta ba da dawa. Aka yi rigimar iyaka da wani mai ƙarfi. Aka zo da takarda, aka karanta masa da baki mai daɗi, aka ce shaida ce cewa gonar tasa ce, ya dangwala. Baba yana tsaye, shi ya riƙe masa sanda. Da damina ta faɗi suka je shuka suka tarar da wani a ciki, aka fito da takardar nan, ga yatsan kakana a kai. Aka bar mu da faƙo mai duwatsu, wanda har yau shi muke kartawa. Kakana bai ƙara shekara biyu ba. Ranar da aka rufe shi, Baba ya dafa Alƙur'ani gaban liman da dattawan gari, ya rantse yatsansa ba zai ƙara taɓa takardar da bai iya karantawa ba har ya mutu. Duk garin sun san wannan rantsuwar. Ni kaɗai ne ban sani ba, saboda ba a irin wannan maganar gaban yara. Na ce wa Inna to ita ta dangwala min. Ta ce: "Ni da ke cin tuwon gidan ga? Ka so a kore ni?"

Zero ya fara taruwa. Jan bik, babba, zagaye kamar bakin rijiya, a ƙasan lissafin da ba kuskure ko ɗaya. Bulala ba ta dame ni ba, mun saba. Abin da ya dame ni, mushe ya ce a cikin bazara zai rubuta sunayen waɗanda za a kai su zauna jarrabawar sartifika, kuma duk wanda kayensa ba hannun uba ba zai shiga takardar ba. Sartifika ita ce ƙofa. In ka ci, a kai ka kolej a Tawa. Ban san abin da ake zama bayan kolej ba, amma na san ba a bin jaki.

Sau ɗaya suka haɗu a kan maganar. Mushe ya aika, Baba ya sa rigar sallarsa, ya dogara sanda, ya zo har ƙofar aji, ya cire takalmi kamar zai shiga masallaci. Ina benci na gaba, na ji komai. Baba ya ce: "Mushe, ni ban ƙi karatun yaron ga ba. Kullum da sahe in zaka da ƙahwata in hwaɗa maka na gani. In kana son shedu in zo da biyu. Baki bai isa ba?" Mushe ya ce baki ba ya shiga kaye. Ya ce ba wata takardar hukuma ba ce, lissafin pampo ne, bari ma ya karanta masa. Ya karanta, ya fassara, yana murmushi. Baba ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai, ya ce: "Wanda ya karanta ma ubana, shi ma da murmushi ya karanta." Ya sa takalminsa ya tafi. Yara suka ƙyalƙyale. Mushe ya juyo ya ce mana da Faransanci, irin waɗannan tsofaffin su ne suka hana ƙasa ci gaba. Na sunkuyar da kai. Na ji kunyar ubana a ranar, kuma wannan kunyar ita ce zunubina na farko, kafin na tawada.

Kowannensu yana da gaskiyarsa, ni ne a tsakiya ba ni da komai. Mushe ba zai janye doka don tsoho ɗaya ba, yara su raina shi. Baba ba zai karya rantsuwa don lissafin baho ba. Aka sanar ranar Laraba za a rufe sunaye. Shi ya sa ranar Talata na durƙusa a rumfar nan da tsinke a hannu.

Bayan na danna, na jiƙa bakin rigata na goge yatsan iya yadda zan iya ba tare da na tashe shi ba. Shuɗin ya maƙale a cikin tsagar fata da cikin tabon, amma hannun Baba kullum a rine yake da baƙin rinin fata, na ce ba zai lura ba. Bai lura ba kuwa. Ya tashi, ya yi alwalar azahar ina kallonsa ta gefen ido, ya tafi masallaci. Da ƙarfe uku na ajiye kaye a teburin mushe. Ya duba, ya sake dubawa. Shaidar ta fito raɗau, faffaɗa, ga layin tabo ya ratsa ta. Ba mai musu yatsan Nomau ne, sunan ubana ke nan. Ya ba ni goma bisa goma da jan bik a gefenta, ya rubuta sunana a takardar jarrabawa ina gani. Da ya tsaya nan, da yau wataƙila ba ni ke tura kura ba. Amma sai daɗin nasara ya kwashe shi. Ya ɗaga kayen sama, ya zaga da shi benci-benci, ya ce mu kalla, tsohon da ya fi kowa taurin kai ya waye. Ya ce kowa ya je ya gaya wa ubansa. Duk dabarata ta tsaya ne a kan yadda zan ruɗi mushe. Ban taɓa tunanin yara talatin da bakunansu ba.

Washegari da hantsi, ina aji, abin ya faru. Aggali bai zo lakwal ba ranar, a gabansa aka yi, shi ya ba ni labari daga baya. Baba yana gindin bagaruwa da igiyarsa, dattawa suna zaune, sai ga Arzika, taubashinsa, wanda tsakaninsu ba a ɗaukar zafi da kowace magana. Ya zauna ya ce: "Nomau, ashe ka zama ma'aikaci ba mu sani ba? An ce jiya ka yi sinye, ka dangwala ma takarda. Ko zahin bana ya narka rantsuwa?" Aka yi dariya. Baba ya ce shi bai dangwala wa kowa komai ba. Arzika ya ce to ɗiyan lakwal duka maƙaryata ne, ya kamo hannunsa da wasa, ya juya shi ga rana. Ga shuɗi a cikin tabo. Aggali ya ce dariyar ta mutu a take. Baba ya daɗe yana kallon yatsan, ya tofa yawu ya goga a ƙasa, ya sake dubawa. Arzika ya fara cewa wasa yake, ba wanda ya saurare shi. Liman yana cikin mutanen da ke zaune.

Kafin a tashe mu na ji ƙarar sandar Baba a kan tsakuwa. Wannan karon bai cire takalmi ba. Ya ce mushe ya ba shi kayen. Mushe ya miƙa yana fara'a, ya ɗauka godiya ake shirin yi masa. Baba ya ce a nuna masa wurin. Ya ciro wuƙar da yake yankan fata, ya ɗora kayen a kan tebur, ya yanke wurin da yatsansa yake, murabba'i, tsaf, kamar yadda yake fitar da faci. Ya ninke ya sa a aljihu. Sannan ya juyo ya dube ni, ya ce: "Hamidu, taso." Ranar ce karo na farko da na ji sunana a bakinsa. Da na san haka zan ji shi, da na gwammace ya mutu bai kira ba.

Bai doke ni ba. Na so ya doke ni. Mun tafi gida yana gaba yana ɗingishi, ina baya, duk gari yana kallo ta kan darni. Da ya zauna a rumfa ya ce, ba da ɗaga murya ba: "Wanda ya ci gonar ubana baƙo ne, kuma ubana na a halke. Kai ka jira na yi kwana. In abin da ake koya muku ke nan, ka koya, ya isa." Washegari ya tashi da azumi. Liman ya biyo shi har gida ya ce masa mai barci ba shi da laifi, rantsuwarsa tana nan, ba kaffara a kansa. Baba ya ce ya sani. Ya yi kwana uku yana azumi cikin zafin da ko kare ba ya fita, leɓensa ya tsage, ni nake kawo masa ruwan buɗa baki, yana karɓa ba ya kallona. Mushe ya zo sau biyu. Na farko da barazanar hukuma, na biyu da lallashi, har ya ce ya janye dokar a kaina, baki ma ya isa. Baba ya ce a da ne baki ya isa. Ranar da mota ta zo ta kwashi ƴan jarrabawa, ina bayan jaki. Na ga ƙurarta daga inda nake juyawa. Cikin waɗanda suka ci har da biyu da suka shekara suna kwafar lissafina.

Bayan girbin shekara ta biyu na bi kawuna Abijan. Na yi dako, na sayar da shayi, na kwana a baranda. Faransancina ya isa in karanta allon mota in yi faɗa da ɗan sanda, bai isa a ba ni kujera ko'ina ba. Rabin karatu masifa ce. Wanda bai shiga ba sam bai san abin da ya rasa ba. Ni na leƙa, na ga ɗakin, aka ja ni baya. Nakan dawo da damina in yi noma, mu gaisa da Baba, in ajiye masa goro da yadi, ya sa albarka. Shekara goma sha tara muna haka. Ko sau ɗaya maganar ba ta taso ba. Na yi ta shirya yadda zan roƙe shi gafara, na kuma yi ta jiran ya ce shi ma ya yi tsanani. Ba wanda ya fara. Ya rasu ina kan hanya, na tarar an rufe shi.

Da aka zo rabon ɗan abin da ya bari, Inna ta ba ni zabirarsa, wadda yake ajiye basilla da zare. A can ƙasa, cikin wani ƙyalle, na sami takardar. Ta yi ja, ta yi laushi kamar fata, amma shuɗin yana nan, da layin tabo. Kuma da yake ya yanka da faɗi, goma bisa goma ɗin mushe ya shigo a gefe. Na zauna da ita a hannu har aka kira la'asar. Ko ya ajiye ta ne don kada ta faɗa hannun wani a ci shi da ita yadda aka ci ubansa, ko kuwa wani ya gaya masa abin da jan rubutun nan ke nufi, ban sani ba. Na fi zaton na farkon. Na san ubana.

Yanzu ina zaune a Tawa, garin da sartifika za ta kawo ni, na zo da ƙafata. Ga-ruwa nake yi. Kullum ina tsaye bakin pampo da kura da jarkoki, kuma wallahi ba mai gaya min minti nawa pampo ke yi kafin ya cika abu, na sani da ruwa mai ƙarfi, na sani da ranar da yake ɗiga. Amsar da na samo a bayan jaki ita nake ci yau, sai dai ba yadda na zata ba. Ina sa hannu a duk takardar da aka miƙo min, a asibiti, a wurin katin zaɓe, ko'ina, da wani lanƙwasasshen rubutu da na koya wa kaina. Rabin abin da ke ciki ban gane shi ba. Wani lokaci ina cikin sa hannun sai in ji kamar Baba yana tsaye bayana da sandarsa, kuma ban iya cewa shi ne wawa ba.

Ina da ɗiya, Ramatu, tana kolej. Ta wuce inda na tsaya tun bara waccan, lissafinsu yanzu haruffa ne a ciki, ban san kansa ba. Su ma ana ba su dabuwar, amma ba mai tambayar hannun uba. Sun yi yawa a aji, sau da yawa ba mai ma duba ko an yi. Duk da haka da ta fara kawowa sai in ce ta ba ni kayen, in bi shafin da ido kamar mai ganewa, in sa hannu a ƙasa, babba, yadda kowa zai gani. Da farko dariya take yi: "Baba, ba a tambaya fa." In ce na sani. Wata rana ta dawo ta ce don Allah in daina, ƙawayenta suna tsokanarta, suna cewa ga-ruwa ya zama dirakta. Ta faɗa kanta a sunkuye. Na san wannan sunkuyon, ni na fara yin sa a benci na gaba. Ban yi mata faɗa ba. Da wane bakin?

Tun daga ranar ba ta ƙara buɗe kaye a gabana ba. Takan jira sai na dawo da rana, na sha fura, na kishingiɗa a zaure. In ta ga numfashina ya daidaita, sai in ji ta jawo jaka a hankali, in ji motsin takarda, in ji bik yana tafiya. Ba barci nake ba. Nakan rufe fuska da hula saboda ƙuda, in bar hannuna na dama ya zubo daga tabarma, tafin yana kallon sama. A da akwai yaron da ya buƙaci yatsan ubansa har ya sata. Nawa yana nan a buɗe kullum, ba mai buƙatarsa.